Bukrar Makka da Bukrar Injamena

Litinin: Kano zuwa Maiduguri

Ba a kira assalatu ba muka ja ƙofa. Malam ya rungume jakar kwamfutarsa a ƙirji, ni kuma ina ɗauke da ƙullin tsaraba: atamfa turmi biyu, daddawa, kuka, da man shafawa na ciwon gwiwa. Yaran suna barci a ɗakin kakarsu. Na tsaya a kansu na tofa musu addu'a, ban tashe su ba, don na san in ƙaramar ta buɗe ido ta ce Umma, tafiyar nan sai dai a fasa.

Bari in faɗi abin da ya fitar da mu, tunda 'yan'uwa da yawa sun tambaye ni yadda aka yi matar gida irina ta je taron masu kwamfuta. Malam yana koyar da kwamfuta a wata sakandare, yana kuma gina wa makarantu da 'yan kasuwa shafukan intanet. Wasu matasa masu irin wannan sana'a a Injamena suka shirya haɗuwa ta yini ɗaya. Ba kamfani a bayansu, ba gwamnati. Karo-karo suka yi, kuma duk mai zuwa sai ya zo da abin da zai koyar ko aikin da zai kama. Malam ya ce zai nuna yadda ake sa haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, su zauna a shafi ba tare da sun rikiɗe sun zama akwati ko alamar tambaya ba. Suka yi murna, amma suka ce da Faransanci za a yi taron. Malam kuwa ko gaisuwa bai iya da shi ba.

Ni a Injamena aka haife ni. Kakanmu ya taso daga ƙasar Haɗeja zai tafi Makka a ƙafa, ya tsaya neman guzuri, guzurin bai cika ba har ya ga jikoki. A can na yi lakwal, wato bokon Faransanci, har sakandare kafin aure ya kawo ni Kano, don haka aikin tafinta ya faɗo kaina. Tun farkon damina, kullum bayan la'asar Malam zai tsaya a tsakar gida yana bayani, ni ina kan tabarma ina juyawa, tsohon ƙamus a cinya, tukunya a kan wuta. Sau biyu miya ta kama.

Amma tsakani da Allah, Malam ne zai je taro, ni Goggo Dije zan je gani. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, ita ta yi mini kitson aure. Rabona da ita shekara tara. Haihuwa ta hana, rashin kuɗi ya hana, wani lokaci kuma rashin zaman lafiyar can. Na dai aika wa ɗanta, Yaya Isa, cewa muna tafe cikin makon nan, ban yanke rana ba, don ba a yi wa hanyar damina alkawari.

Mun yi asuba a tashar Unguwa Uku, fijo ta cika wajen bakwai saura. Wudil, Azare, Potiskum, ko'ina shuka ta yi kore shar. Ni dai leɓena na motsi, ina maimaita kalmomin da ban taɓa jin su a lakwal ba. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ɗauka wuridi nake yi, ta ce in sa ta a ciki. Na sa ta ɗin, bayan na gama. A wani shinge kafin Damaturu aka sa Malam ya buɗe jaka ya kunna kwamfutar, wai a tabbatar tasa ce. Da hoton yaranmu ya fito, mutumin ya yi dariya ya ce mu wuce. Mun shiga Maiduguri bayan la'asar, muka sauka gidan wani abokin karatun Malam, matarsa ta yi mana burabusko da miyar yakuwa.

Talata: Maiduguri zuwa Kuseri

Daga Maiduguri zuwa Dikwa ba laifi. Daga Dikwa zuwa Gamboru kuwa ramukan sun fi kwaltar yawa. Muka tsallaka Fotokol a ƙafa, aka buga mana hatimi nan, aka buga can, muka hau wata a-kori-kura mai taya kamar ta tarakta. Na tambayi direban yaushe za mu kai Kuseri. Ya ce, "Hajiya, ki tambayi laka, ita ce mai motar."

Bai yi ƙarya ba. Sau uku muka kafe, maza suka sauka turi. Malam ya miƙo mini jakar ya ce ko kifewa motar za ta yi in ɗaga ta sama. Da muka isa Kuseri an riga an rufe gada. Muka kwana a wani masauki kusa da kasuwa, sauro kamar an aiko su. Daga taga ina hango fitilun Injamena a tsallaken ruwa.

Laraba da Alhamis: Ambassatna

Da hantsi muka bi gadar Ngeli. Tun a wurin duwan, wato kwastan, na ji harshena ya warware, Larabcin da na ɗauka ya tsere mini ya dawo da kansa. Wanda ya tarye mu shi ne Mahamat, jagoran masu shirya taron, saurayi siriri mai waya biyu, kowacce kuma tana ƙara. Ba su da kuɗin otal, baƙi a gidajensu suke sauke su. Mu ya kai mu gidan mahaifiyarsa a Ambassatna, unguwar da na yi wayo a cikinta kafin gidanmu ya koma Habbena. Na so in wuce can kai tsaye, amma Malam ba zai kwana gidan surukai ba, ga shi muna da sauran bita, kayanmu kuma duk laka. Muka gwada lambar Yaya Isa, a kashe.

Ranar Alhamis na ga yadda ake haɗa taro da hannu biyu. Wata makaranta ce ta ba su aron ɗaki. Kujeru daga gidan wani mai biki, majigi daga wurin aikin yayar ɗayansu, da sharaɗin a mayar kafin Litinin ba wanda ya sani. Wanda zai yi bayani kan tsaron shafi na gan shi a kan tsani yana ɗaura waya, wata budurwa mai gina shafuka tana goge daɓe. Ba wanda aka biya, ba kuma wanda ya zauna. Muka yi bita sau ɗaya da majigin, Mahamat ya gyara mini kalmomi uku, ya ce sauran sun fi na rediyo. Aka sa Malam ƙarfe goma na safiyar Asabar.

Da rana na koma gida taya mahaifiyar Mahamat dafa karkanji, wato zoɓo, da suyar cincin na 'yan taro. Ina cikin hayaƙi Malam ya yi sallama yana fara'a. Ya ce ya sake gwada lambar daga rumfar waya ta shiga. Yaya Isa yana kan hanya da motar kaya, ya bar wayar a gida, matarsa Ashta ce ta ɗauka. Ita Balarabiya ce, ba ta jin Hausa. Na ce to da wane baki kuka yi magana? Ya ce ai ba a banza ya je Makka sau biyu ba.

"Me ka ce mata?"

"Na ce mata gobe muna zuwa, in Allah ya so."

Da Hausa ya faɗa mini, ni kuma ban ce ya maimaita yadda ya furta ba. Na wanke hannu na roƙi matar gidan ta ƙunsa mini lalle.

Juma'a: Habbena

Bayan an sauko daga masallaci muka ɗauki tasi. Inda kwalta ta ƙare muka sauka, muka bi gefen katangu muna tsallake ruwa. Na gane gidan da itacen dalbejiyar ƙofa. Ashta ta fito hannunta da kumfar wanki, ta rungume ni, sannan ta ja baya tana duban mu kamar waɗanda suka ɓata hanya. Ta ce ai ba yau take sa ranmu ba.

Na ce ba maigidana ya gaya miki jiya ba?

Ta ce, "Ya gaya mini. Bukra ya ce."

A Makka da Masar, bukra ita ce gobe. A Injamena gobe ambakir ce, bukra kuwa jibi. Yaron da bai iya ɗaura wando ba ya san wannan a can. Na juya na fassara wa Malam. Ya cire hula ya mayar.

Da a ce Goggo tana gidan, da dariya kawai za a yi. Amma ashe tun bara ba ta nan. Mijinta, Baba Adamu, ɓarin jikinsa ya shanye, ya ce shi a mayar da shi gonarsa ta bayan Tukra, can yake son ya kwanta. Goggo ta bi shi. Ba ya karɓar abinci sai daga hannunta, ba ta kuma taɓa kwana ta bar shi ba. Babu waya a wurin. Ashta ta ba wa mai motar da ke ɗauko kayan gona saƙo cewa a zo da Goggo ranar Asabar. Motar takan shigo da hantsi ta koma bayan la'asar, ta yau kuma ta riga ta tafi.

Na yi lissafi a zuciyata: Malam ƙarfe goma ne, kafin azahar na iso. Na ce wa Ashta ba komai. Na bar tsarabar a ɗakin Goggo. Gadonta na nan da shimfiɗa, carbinta na rataye a ƙusa, ƙamshin turaren wutarta bai bar labule ba.

Asabar: ranar taro

Mun isa tun ana jera kujeru. Mutane sun zo fiye da yadda aka zata, har da waɗanda suka tsallako daga Kamaru. An yi bayani na farko lafiya, ana cikin na biyu aka ɗauke kuran, wato wuta. Ba wanda ya damu, don sun yi tanadi, sun aro janareta a wurin wani tela. Ta yi kuka kamar na rabin sa'a, ta yi tari, ta mutu.

Mahamat ya ce waɗanda ba su bukatar majigi su fara. Malam kuwa dole sai da shi. Na ce masa ga allo ga alli, mu rubuta haruffan mana. Ya ce ai kowa ya iya rubuta ƙ a allo, abin nunawa shi ne yadda take lalacewa a shafi da yadda ake gyara ta. Gaskiya ya faɗa. Aka tafi neman makanike. Duk sanda Mahamat ya gifta sai ya ɗaga mini yatsu ya ce minti goma, Madam.

Dab da azahar ɗaya daga wayoyinsa ta yi ƙara, ya miƙo mini. Ashta ce, da ma na bar mata lambarsa. Ta ce Goggo ta iso tun hantsi, ta ƙi shiga ɗaki, tana zaune a zaure. Na ji ana cewa riƙe nan, a'a, juya shi. Sai muryar ta fito, ta tsufa amma ita ce.

"Halime? Ke ce?"

A Kano Halima nake. Na manta yadda sunana yake a bakinta. Na ce ni ce Goggo, ina wuni, ya jikin Baba, ya gwiwa. Na jero gaisuwa kamar mai gudun kada a ƙwace mini.

"Ba na jin wannan abin sosai, 'yar nan. Ki zo dai. Na yi miki kisar."

Na ce ga ni nan yanzu.

Bayan salla Malam ya same ni a bayan ɗakin taron ya ce in tafi, shi zai yi da hannu da ido. Na dube shi, ya sa babbar rigar da na goge masa tun Kano. Mutum ya yi damina guda yana shiri, ya tura mota a laka, a ce ya tsaya gaban jama'a kamar bebe? Akwai wani Bahaushe a wurin da ya ce zai gwada, amma da Malam ya yi masa jimla biyu sai ya ce shi Hausarsa ta cefane ce. A daidai nan janaretar ta tashi, aka yi tafi. Na ce mu yi mu gama. Ba ta kai ga majigi ya yi zafi ba ta sake mutuwa.

Da na san haka za a yi, da na ce a ɗauko Goggo a tasi ta zauna ko a inuwar makarantar. Amma wanda ake ce wa minti goma ba ya aika a ɗauko tsohuwa mai ciwon gwiwa.

Sai bayan la'asar aka dawo da kuran. Malam ya tsaya, na tsaya gefensa. Ya nuna musu shafin wani masauki da aka rubuta "Muna maraba da baƙi", lanƙwasar ta faɗi ya koma "Muna maraba da baki". Da na bayyana musu cewa na farko mutanen da suka sauka ne, na biyu kuma abin cin tuwo, ɗakin ya ɗauki dariya. Sannan ya nuna gyaran, harafin ya fito tsaf a bango, ƙato kamar ƙofa. Wani mutumin kudancin ƙasar ya miƙe ya ce su ma harshensu yana da ɓ da ɗ, shekara biyu yana fama da su. Tambaya ta bi tambaya. Ina juyawa ina kallon taga, gabas ta yi baƙi ƙirin.

Ana tafi na fita, Malam ya biyo ni da jaka a buɗe. Tasi ya yi wuya saboda hadari. Da muka isa Habbena iska ta fara kaɗa dalbejiyar. A zaure akwai tabarma da matashi, ba kowa a kai.

Ashta ta ce mai motar ya jira har ya gaji, ya ce in ruwan nan ya sauko kafin ya wuce fadama, kwana za su yi a hanya. Goggo ta roƙe shi sau biyu. Na uku ba ta roƙa ba, ta ce Baba bai ci komai ba tun safe. Ashta ta ce duk yinin fuskarta na ƙofa, in ta ji babur sai ta gyara mayafi. Goggo ta ɗauki man gwiwar da daddawar, atamfar kuwa ta ce a bari sai ni na kai mata da hannuna.

Na tambaya ko ta yi fushi.

"Ko kaɗan. Ta ce in gaya miki muryarki ta mai ƙoshi ce, hankalinta ya kwanta."

Ta kawo kwanon kisar, wainar can mai kama da sinasir, da miyar kuɓewa. Na ci don Goggo ce ta yi, ruwan sama yana zuba a kan rufi kamar da bakin ƙwarya.

Lahadi: Tukra

Da sassafe muka tsallaka gadar Shagwa muka nufi Tukra, atamfar a hannuna. Inda hanyar gona ta rabu da kwalta muka tarar da motoci a tsaye, masu su suna shan shayi. Suka ce ruwan jiya ya cika fadama, sai nan da kwana uku ko huɗu, in ba a ƙara ba. Malam ya je wurin wani mai amalanken doki ya ce ya faɗi ko nawa ne. Mutumin ya nuna ƙirjin dokinsa ya ce ruwan nan yake kaiwa.

Hutun da aka ba Malam ya ƙare, ɗalibansa na da jarrabawa. Ya ce in ina so in zauna. Amma wa zai dawo da ni? Ba zan yi tafiyar kwana biyu babu muharrami ba, ga ƙaramar da na bari. Na tsaya a bakin kwalta ina duban hanyar, baƙar laka tana sheƙi har inda ido ya tsaya. Na yi wa Goggo da Baba addu'a daga nan, muka juya. Atamfar na mayar wa Ashta na ce ta ajiye, da Babbar Salla zan zo.

Litinin da Talata: komawa

Mahamat ya raka mu har gada, yana ta ba da haƙuri a kan janareta. Na ce masa ba laifinsa, kuma har zuciyata haka ne. Hanyar Fotokol ta fi ta zuwa muni, amma ban tuna yawan kafewar ba. A Dikwa muka tsaya salla. Malam ya miƙo mini buta ya ce, "Maman Safiya, ki yafe mini." Na ce shi da ya yi don ya faranta mini, me zan yafe? Ya ce duk da haka. Na ce na yafe.

Mun kwana Maiduguri, muka shiga Kano ranar Talata ana kiran magariba. Ƙaramar ta yi mini kallon baƙuwa na ɗan lokaci, sannan ta zo ta kama zanena.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa surukata da ta riƙe yara, da mutanen Maiduguri da suka sauke mu zuwa da dawowa, da mahaifiyar Mahamat da ta ba mu ɗakinta ta koma rumfa, da matasan nan da suka yi aiki ba don a biya su ba. Har yanzu suna rubuto wa Malam, mutumin kudun nan ma ya ce haruffansa sun zauna. Ina gode wa Ashta.

Roƙona ga duk wanda ya karanta, ya sa Goggo Dije a addu'a. Baba Adamu da ake jinya yana nan da ransa, Yaya Isa ya dawo da shi Habbena. Ita ce ta riga shi, da kaka, ana cikin yankan gero, Babbar Salla saura wata biyu. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.